Daga Kano Zuwa Maiduguri: Tafiyar Sa'a Guda da Ta Ci Wuni

Saura kwana 9 a ɗaura auren katin gayyatar ya iso hannuna. Mai gayyatar aminina ne tun muna ɗalibai, wanda bayan mun gama karatu ya koma garinsu Maiduguri ya kafa iyali, kuma 'yarsa ta fari ce za a aurar ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe. Irin wannan sha'ani ba a tura wakili, domin zuwa da kai ya fi saƙo, ga shi kuma aikin da nake yi a Kano ba zai bar ni in tashi kafin ranar Juma'a ba. Saboda haka tun a daren nan na zauna da wayata ina lissafin abin da kowane matafiyi yake fara lissafawa, wato nisan da ke tsakanin garuruwan biyu da yawan sa'o'in da tafiyar za ta ci.

Amsar farko ba ta da wuya. Idan aka miƙa zare a kan taswira daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Maiduguri, tsawonsa bai wuce kilomita 500 ba, kuma biranen biyu kusan a layi ɗaya suke, ta yadda wanda ya bar Kano ya fuskanci gabas ya miƙe ba zai karkata kudu ba sai ɗan kaɗan. Jirgi irin Boeing 737, wanda aka daɗe ana amfani da shi a zirga-zirgar cikin gida, yana cin kilomita 800 ko fiye a sa'a guda idan ya gama hawa ya daidaita a sama, don haka ko an haɗa da lokacin tashi da na sauka, tafiyar da ƙyar za ta cika sa'a ɗaya. A mota kuwa, ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, nisan yana tsakanin kilomita 560 da 600, gwargwadon unguwar da mutum ya taso da wadda zai sauka. Da na ga haka sai hankalina ya kwanta, na ƙudurta cewa zan yi sallar Juma'a a Kano, in ci abincin rana a gida, sannan in yi la'asar a Yerwa, wato Maiduguri.

Washegari na je ofishin wani matashi mai sayar da tikitin jirgi wanda na saba hulɗa da shi. Ya daɗe yana dube-dube a kwamfutarsa kafin ya ɗago kai ya ce, “Alhaji, a wannan makon babu jirgin da zai tashi daga nan kai tsaye zuwa Maiduguri. Sai dai ka bi ta Abuja, ka sauka ka canja wani.” Na ce ya duba Alhamis, ko zan nemi izini a wurin aiki in tafi da wuri. Ya duba ya ce ita ma babu. Ya ƙara da cewa akan samu lokacin da wani kamfani zai buɗe layin, a yi 'yan watanni ana kai da kawo, sannan a wayi gari ya janye jirginsa ya mayar da shi wata hanya.

Wanda ya san inda Abuja take a taswira zai gane nauyin wannan magana. Abuja tana kudu da Kano, har ma ta ɗan karkata yamma, wato mai zuwa Maiduguri ta can sai ya fara ba wa Maiduguri baya ya yi tafiyar kilomita kusan 365, sannan ya juyo ya fuskanci arewa maso gabas ya sake cin wasu kilomita kusan 710. Jimilla ya haura kilomita 1,070, ya ninka ainihin nisan har da ɗoriya, kuma a lokacin da ya sauka a Abuja ya fi nisa da inda za shi fiye da lokacin da yake zaune a ɗakinsa. Kuɗin ma haka, domin tikiti biyu ne na kamfanoni biyu, kowanne da farashinsa, kuma babu ruwan na biyu idan na farko ya makara har jirginsa ya tashi ya bar fasinja.

Na so in fasa in bi mota, amma da na je gaida mahaifiyata da daddare na faɗa mata, sai ta girgiza kai. Ba ta taɓa zuwa Borno ba, amma sunayen Benisheik da Auno, garuruwan da ke kan hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, sun zauna mata a kunne tun shekarun da ake yawan jin su a labaran rediyo saboda hare-haren Boko Haram. Ta ce, “Ɗan nan, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Idan mota ta lalace muku a hanya, yamma ta riske ku bayan Damaturu, wa zan tambaya?” Ban yi mata musu ba, domin damuwarta tana da tushe. Mai tafiya gabas yakan isa wannan yanki ne a ƙarshen tafiyarsa, lokacin da rana ta yi sanyi kuma lokacin rufe hanya ya matso, alhali mai dawowa yamma da sassafe yake ratsa shi. Muka rabu a kan zan tafi ta sama, in dawo ta ƙasa.

Ranar Juma'a ina idar da sallar asuba na ɗauki jakata, ƙarfe 6 da 'yan mintuna na bar gida. Watan Janairu ne, tsakiyar hunturu, sanyi yana ratsa riga, hazo kuma ya sa fitilun motoci sun yi dishi-dishi. Filin jirgin Kano yana da wata falala da manyan filaye da yawa ba su da ita, wato a cikin gari yake, don haka cikin minti 20 na isa. Daga nan aka shiga layin awon kaya, da karɓar katin shiga jirgi, da bincike, da zaman jira, waɗanda gaba ɗayansu suka ci fiye da sa'a guda tun kafin mu ga jirgin da idonmu. Na yi niyyar in auna tafiyar da agogona, don haka da tayoyin jirgin suka bar ƙasa na duba lokaci, da suka taɓa titin Abuja na sake dubawa, sai na ga minti 44 ne. A kan tikiti kuwa sa'a guda aka rubuta, kuma ba ƙarya aka yi ba, domin lissafin kamfanoni yana farawa ne daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda yake ajiye, ya haɗa da tafiyar da yake yi a ƙasa zuwa bakin titi da jiran izinin hasumiya, ba ya ƙarewa sai ya tsaya cik a masaukinsa na can.

A gajeriyar tafiya irin wannan jirgi ba ya samun damar nuna gudunsa. Kusan sulusin lokacin a hawa yake tafiya, da ya daidaita ma'aikatan suka raba ruwa da ɗan abin taɓawa, kafin su gama tattara robobi matuƙi ya sanar cewa an fara gangarowa. Wannan ne ya sa lokacin tafiya a sama ba ya bin nisa sau da ƙafa: hanyar da ta ninka wata a kilomita ba ta ninka ta a mintuna, saboda hawa da sauka kusan iri ɗaya ne a kowace tafiya, tsakiyar ce kawai take miƙewa. Ta taga ban ga komai ba sai wani farin bargo na ƙura da ya lulluɓe ƙasar Zazzau, sai da muka kusa sauka duwatsun Abuja suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙarfe 9 saura na karɓi jakata, na zagaya na sake shiga wani layin awon kaya, na sake tuɓe agogo da takalmi a wurin bincike, na samu kujera a ɗakin jira. An rubuta jirgin Maiduguri zai tashi ƙarfe 12 na rana. Ban jima da zama ba na fara gane fuskoki. Ga wani mai sayar da huluna da muka zauna layi ɗaya a jirgin Kano, ga wata baiwar Allah da 'ya'yanta biyu da na taimaka wa da kaya tun a can, ga wasu samari uku da jakunkunan kwamfuta a bayansu, ga wani dattijo mai sanda. Na ƙirga mu 11 waɗanda na tabbata tare muka taso daga Kano, kuma dukkanmu Maiduguri muka nufa. Kowannenmu ya biya kuɗin tafiya biyu domin ya zo ya zauna a garin da ba shi da wata buƙata a cikinsa.

Da ƙarfe 12 ta gota aka yi sanarwa a lasifika cewa an ɗaga tashin saboda yanayi a Maiduguri. Wasu suka tashi suka nufi teburin ma'aikata da faɗa, amma ni a wannan ban ga laifin kowa ba. Ƙurar hunturu daga hamada take tasowa, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kuma iskar arewa maso gabas da ke ɗauko ta Borno take fara sauke wa kaya kafin ta iso Kano. Kowane filin jirgi yana da iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa kafin a yarda ya sauka, kuma idan hazo ya yi kaurin da ganin bai kai wannan iyaka ba, tashi daga Abuja ba shi da amfani, domin jirgin zai je ne ya yi ta shawagi ya dawo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da a Kano wannan jinkiri ya same ni, da na koma gida na jira a kira ni. Muka fita muka yi sallar Juma'a a masallacin filin, muka dawo aka sake bincikenmu.

A wannan zama ne hira ta haɗa ni da dattijon nan mai sanda, wanda ya ce mini ya yi aikin jirgin ƙasa shekaru masu yawa kafin ya yi ritaya. Na ce, “Baba, ka ga yadda aka kawo mu kudu alhali gabas za mu.” Ya yi murmushi ya ce, “Yaro, ai wannan tsohon zance ne. Ko a zamanin dogo haka muke yi.” Ya bayyana mini cewa layin dogo ya isa Maiduguri a 1964, amma ta Kuru da Bauchi da Gombe ya bi, don haka wanda ya shiga jirgin ƙasa a Kano sai ya gangara Zariya da Kaduna har Kafanchan, sannan ya hau tudun Jos ya juyo arewa maso gabas. Layin da ya fita daga Kano ya nufi gabas kuwa a Nguru ya tsaya tun 1930, kuma har yau a nan ya tsaya. A ganinsa dalilin a fili yake: an shimfiɗa dogon ne domin a kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, ba domin Bakano ya ziyarci Babarbare ba.

Maganarsa ta tuna mini cewa a sararin sama lamarin ba haka ya faro ba. A watan Nuwamba na 1925 ne jiragen sama suka fara sauka a Nijeriya, wasu ƙananan jirage 3 na sojojin saman Birtaniya da suka taso daga Masar suka biyo ta Sudan da Chadi, kuma ta Maiduguri suka shigo kafin su ƙaraso Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano, yana yada zango a El Fasher da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, da kuma Maiduguri. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta ƙasar Ghana ta wannan hanya suka bi zuwa Masar, suna shan mai a Kano da Maiduguri. Su ma ba su ƙirƙiro sabuwar hanya ba, sawun alhazai suka bi, waɗanda ƙarni bayan ƙarni suke barin ƙasar Hausa a ƙafa su ratsa Borno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya. Wato tsakanin Kano da Maiduguri yana cikin tsofaffin layukan jirgin sama a ƙasar nan, kuma shi ne na je nema a kwamfuta aka ce mini babu.

Na san hujjar kamfanoni, kuma ba na raina ta. Tun da aka mayar da gwamnatin tarayya Abuja a 1991, masu iya sayen tikiti akai-akai, wato ma'aikatan gwamnati da 'yan siyasa da 'yan kwangila da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, can suke da buƙata, don haka kowane babban birnin jiha ya ɗaura igiyarsa a Abuja da Legas. Man jirgi yana da tsada, kayan gyara da dala ake saye, kuma jirgi mai kujeru 140 da ya tashi da mutum 30 asara ya tafka. Amma wannan hujja a kan babban jirgi take tsayawa. Akwai jirage masu kujeru 50, akwai masu farfela irin ATR 72 da ke ɗaukar mutum 70 da 'yan kai suna gudun kilomita 500 a sa'a, waɗanda domin irin wannan tazara aka ƙera su, kuma za su haɗa biranen biyu cikin sa'a ɗaya da kwata ko kusa da haka. Ko sau 2 ko 3 a mako ne, in dai ranakun sun tabbata har mutane suka saba da su, ina da yaƙinin fasinja zai fito, domin fataucin da ke tsakanin Kantin Kwari na Kano da Kasuwar Monday ta Maiduguri, da kifin da ke fitowa daga Tafkin Chadi, da ɗalibai da marasa lafiya da dangin aure, duk tsakanin garuruwan nan biyu suke kai da kawo. Fasinja ba ya taruwa a layin da bai tabbata zai same shi mako mai zuwa ba.

Ƙarfe 4 saura minti 10 muka tashi. Wannan karon na samu taga ta hannun hagu, kuma da yake hazon tsakiyar ƙasar bai kai na arewa ba, na hango duwatsun tudun Jos da tsofaffin ramukan haƙar kuza da ruwa ya cika, suna ƙyalli kamar an watsar da madubai. Daga wajen Bauchi ƙasa ta fara bajewa tana yin fari, daga nan kuma ƙura ta rufe komai. Sai da muka gangaro ƙwarai sannan na fara ganin filin Borno, shimfiɗaɗɗe ba tudu ba kwari, da itatuwan darbejiya da suka yi wa Maiduguri rumfa. Agogona ya nuna minti 66 a sama. Hanyar ta kusa ninka ta safe a nisa, amma minti 22 kacal ta ɗara ta.

Ƙanin aminina ne ya zo ɗaukata. Muka bi ta Bulumkutu muka shiga gari, muna tsayawa a ƙofar gidan ana kiran sallar magariba. Na duba agogo na ga ƙarfe 6 da minti 2, na ce ko ladanin ya yi sauri ne, domin a Kano a wannan makon sai wajen 6 da minti 20 ake kira. Sai na tuna cewa nisan da na auna a taswira shi ne ya bayyana a nan: Maiduguri tana gabas da Kano da digiri 4 da rabi da ɗoriya, kowane digiri kuma minti 4 ne na tafiyar rana, don haka alfijir da faɗuwar rana suna riga na Kano da kusan minti 18. Tun da na bar gida da asuba sa'o'i 12 ne suka shuɗe ba kaɗan, kuma a cikinsu sa'a ɗaya da minti 50 kawai na yi a sama.

An ɗaura aure lafiya, an sha addu'a, gida ya cika da ƙamshin turaren wuta da gaisuwar “wushe, wushe” ta kowace kusurwa. Da yamma aminina ya kai ni na gaida mahaifinsa, dattijo mai shekaru 80 da wani abu, wanda ya yi fatauci a Kano a ƙuruciyarsa kuma ƙaninsa har yanzu yana zaune a Fagge. Da ya ji ta inda na biyo sai ya ce, “Ɗana, shekara 6 ke nan rabona da ɗan'uwana. Bayana ba zai ɗauki zaman mota ba, kuma likita ya hana ni wuni a kujerar filin jirgi. Da sa'a guda ce da na daure.” Na faɗa masa cewa kakana ma ya zo gabas neman karatun Alƙur'ani, kamar yadda almajiran ƙasar Hausa suka saba, kuma a ƙafa ya zo, zango bayan zango. Ya ce haka ne, a da kusan wata guda ake yi. Lissafinsa ya yi daidai da na Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya bar Kano a watan Maris na 1851 bai isa Kukawa ba, babban birnin Borno na lokacin, sai farkon Afrilu, bayan fiye da mako 3 a hanya. Ita Maiduguri sai a 1907 aka kafa ta, lokacin da Shehun Borno ya mayar da fadarsa Yerwa.

Ranar Lahadi da sassafe aka kai ni Tashar Kano. Sunan ya faranta mini rai, domin mu ma a Kano babban titin da ya fita ta Mariri titin Maiduguri muke ce masa. 'Yan kamasho suka sa ni a wata Sharon da ta kusa cika, na biya kuɗin kujerar gaba, ƙarfe 7 saura kwata muka ɗaga. A bakin gari wajen Njimtilo muka tarar da dogon layin motoci, manya da ƙanana, ana jiran jami'an tsaro su buɗe hanya. Da aka buɗe sai aka fita a jere, kowane direba yana ƙoƙarin kada ya rabu da ayari.

Tsakanin Maiduguri da Damaturu kilomita 135 ne ko kusa da haka, kuma a nan ne na fahimci cewa kilomita ba duka suke da nauyi ɗaya ba. Hirar da aka faro a tasha ta mutu, rediyon motar ma direba ya rage shi. Muka wuce Auno, inda a watan Fabrairu na 2020 'yan Boko Haram suka afka wa matafiyan da suka iso bayan an rufe ƙofar shiga gari suka kwana a motocinsu, aka kashe aƙalla mutum 30. Muka wuce Jakana da Mainok, muka iso Benisheik, inda a watan Satumba na 2013 aka tare hanya aka hallaka fiye da mutum 100. A gefen titi ga manyan turakun wutar lantarki, irin waɗanda aka tarwatsa a farkon 2021 har Maiduguri ta yi watanni masu yawa cikin duhu. Amma kuma ga sababbin gidaje da makarantu da aka gina a garuruwan, ga mata da itace a ka, ga yara suna tallan gyaɗa da ruwa a kowane shingen bincike. Wata tsohuwa a bayana tana jan carbi tun daga Auno ba ta ajiye ba sai da muka wuce Ngamdu muka shiga jihar Yobe. Sa'a 2 da rabi wannan yanki ya ci mana, saboda yawan tsayawa da wuraren da titin ya lalace. Da muka hango Damaturu direba ya sauke ajiyar zuciya ya ce, “Alhaji, yanzu ka kira gida.” Na kira Hajiya na ce mata mun wuce.

Daga nan tafiyar ta zama tafiya irin wadda aka sani. Wannan hanya an ba da kwangilar mayar da ita tagwaye tun 2006, aka raba ta kashi 5, kuma matafiyi yana gane inda aka gama da inda ba a gama ba ko idonsa a rufe yake. Inda aka gama mota tana shan kwalta babu gargada, inda ba a gama ba sai a karkatar da kowa hannu ɗaya ana goga kafaɗa da tireloli. Daga Damaturu zuwa Potiskum kimanin kilomita 100 ne, ta Damagum. A Potiskum muka tsaya cin abinci a tsakanin jerin manyan motoci da ba a ganin ƙarshensu, domin garin matattarar masu tirela ne, kuma kasuwar shanunsa da ke ci ranar Laraba tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. A teburin da na zauna na ji ana magana da harsuna 3 kafin a dawo Hausa, ƙasar Ngizim da Karekare da Bolewa ke nan. A Azare muka yi azahar muka haɗa da la'asar, kunnena ya sha Hausar Guddiri, sannan muka haye gadar Jama'are, muka wuce Kiyawa da Shuwarin ta gefen Dutse. Jihohi 5 muka taka a wuni ɗaya, Borno da Yobe da Bauchi da Jigawa da Kano, kuma duk abin da na gani a cikinsu ranar Juma'a ta samansa ma ban bi ba.

Gadar Wudil ta karɓe mu da cunkoson da ta saba, daga nan kuma sai gidajen mai da rumfunan 'yan tireda suka fara haɗewa har muka shigo Mariri. Ƙarfe 5 saura kwata na shiga gida, sa'o'i 10 bayan barin tasha, wato motar ta riga jirage biyu da kusan sa'a 2, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na biya a sama ba. Sai dai na sauko da ciwon baya da ƙura har cikin kunne, kuma na san abin da zuciyata ta ɗauka tsakanin Auno da Ngamdu.

Da daddare aminina ya kira ya ji saukata. Bayan mun gaisa ya ce Baba ya sa shi ya tambaye ni ko zan sa ido, duk ranar da aka samu jirgin da zai tashi kai tsaye in sanar da su, domin yana so ya ga ƙaninsa tun suna da rabon ganawa. Ranar Litinin bayan an tashi daga aiki na biya ta ofishin matashin nan mai tikiti na faɗa masa. Ya jawo wani littafi daga aljihun tebur ya buɗe shafin da ya rubuta Maiduguri a samansa, ya sa lambata a ƙarƙashin wasu lambobi 7 da suka riga ni, ya ce, “In sha Allahu, Alhaji, da zarar an buɗe kai ne za ka fara ji.”